Sai An Maƙala Waya

Raelene Doolan tana durƙushe a gindin duron mai da guntuwar waya a hannu lokacin da ƙarar jirgi mai saukar ungulu ta fara tasowa daga yamma. Ta juya wayar, ta sake juyawa. Kanta mai haƙora, wanda ake maƙalawa a ƙafar jirgi kafin a zuba masa mai, ya baje kamar an daka shi a turmi. Ga sawun tayar tirela nan a kansa ɓaro-ɓaro. Wani cikin direbobin da ke jiran ɗaukar shanu ne ya yi kwana da safe ya bi ta kai, ya wuce shan shayinsa.

"Uban wa ya ce su juya a nan?" ta ce, ba da kowa ba.

Kwana uku ke nan ana tattaro shanun gandun Mirrabone daga daji, jirgi yana kora ta sama, makiyaya a kan babura suna tarewa ta ƙasa. Shanu dubu da ɗari takwas, wasu tun da aka haife su ba su taɓa ganin mutum a tsaye ba. Yanzu an kawo su bakin busasshen rafi, saura kilomita huɗu su shiga shinge, kuma ba abin da ke riƙe da su sai tsoron jirgin nan. In ya daɗe a ƙasa, za su tuna da daji.

Jirgin ya sauka cikin jar ƙura, bai kashe inji ba. Haka ake yi in ana kora: farfela tana juyawa, matuƙiya tana zaune a kujerarta, a zuba mai a tashi. Kirra Vella ce a ciki, yarinya mai shekara ashirin da uku wadda wannan ne aikinta na farko. Ta ɗaga wa Raelene yatsu uku ta gilashi, wato minti uku, don Allah.

Kafin ƙurar ta kwanta Trent Haskell ya iso da gudu, oba-oba a hannu. Shi ne manajan da kamfani ya aiko daga Brisbane wata takwas da suka wuce, kuma har yau malafarsa ba ta yi dauɗa ba. Mutum ne mai agogo. Ya taɓa ganin ana cika jirgi a minti uku a wani gandu, tun daga ranar yake ganin duk wanda ya kai minti biyar sata yake yi. Sau biyu yana kiran Raelene ofis saboda lokacin da take ɓatawa wajen maƙala wayar nan. Na biyun ya gaya mata a fili: in aka yi na uku, ta haɗa kayanta. Kayanta kuwa suna cikin ɗan gidan da ke bayan gareji, wanda ke tafiya da aikin, inda ta shekara goma sha tara tana ba bishiyar lemo ruwan wanke-wanke.

"Me kike jira?" ya yi ihu, don ƙarar farfela ba ta barin magana. "Zuba!"

Ta ɗaga masa guntuwar wayar.

"To sai me? Zuba haka!"

"Ba zan zuba ba."

"Raelene, shanu na bakin rafi!"

"Na san inda suke. Ni na ba jirgin da ya kai su can mai."

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta nufi a-kori-kurarta. Ba gudu take yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Shekara hamsin da takwas da ƙugu irin nata ba sa gudu don wani ya sayi agogo.

Abin da take faɗa a kansa ba wani abu ne babba ba, shi ya sa ake yi mata dariya. Farfela tana yankan ƙura, ƙura tana gogar ƙarfe, sai jirgi ya tara wuta a jikinsa, irin ta jan kan batir. 'Yar kaɗan ce, ba ta kashe ko ƙadangare. In an ba ta hanya sai ta bi waya ta shige ƙasa salin-alin, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. In ba a ba ta ba, sai ta zauna tana jiran ƙarfe na farko da zai matso ta yi tsalle ta same shi. Raelene ba ta son wannan ƙarfe na farko ya zama bakin tiyo a kan buɗaɗɗen tankin mai, da mutum ɗaure da bel a kujera taku ɗaya daga wurin. Iyakar rigimar ke nan.

Ta jawo wayoyin tada batir daga bayan kujerar mota, ja da baƙa. Ta auna da ido, ɗaya ba za ta kai ba. Ta ɓare su daga juna da ƙarfin tsiya, ta sa haƙoran jar suka ciji na baƙar, suka zama doguwa guda.

Oba-oba ta yi ƙara a hannun Trent. Muryar Clarrie ce, tsohon shugaban makiyaya, daga can bakin rafi.

"Ina jirgin nan ne wai? Na gaba sun fara ɗaga kai!"

"Yana zuwa!" in ji Trent. Ya juyo. "Kin ji ko? Kin ji da kunnenki?"

Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ta zaro wuƙa daga aljihu ta shiga kankare fentin gefen duron, domin haƙori in ya ciji fenti bai ciji komai ba, wuta ba ta bi ta fenti. Sai da farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli sannan ta maƙala. Ta duba tsohuwar wayar da ta haɗa duron da turken ƙarfen da ke kafe a ƙasa, wannan tana nan lafiya. Amma ƙasar gindin turken ta bushe ta zama gari, wata goma sha ɗaya ba ɗigon ruwan sama. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta, duk wanda ya taɓa kafa shingen lantarki a wannan yanki ya san haka. Ta kwance gorar ruwanta daga ƙugu ta tuttule ta kaf a gindin turken.

"Ruwan sha!" in ji Trent, kamar an zuba masa a ido. "Ruwan da ake kawowa a tanka kike ba ƙasa?"

"Rabona ne. Ni zan yi ƙishin."

Ya kai hannu zai ɗauki tiyon da kansa. Ta taka shi da takalmi.

"Ɗauke ƙafarki."

"In na gama."

Suka tsaya ido cikin ido, iskar farfela tana kaɗa musu riguna. Ta gilashi Kirra tana kallon allon gabanta kamar yau ta fara ganinsa. Raelene ba ta ga laifinta ba. Matuƙan da ke neman wannan kujera sun fi ƙudan mahauta yawa, kuma wanda zai sa hannu a takardar awanninta na tashi shi ne wannan mai tsabtatacciyar malafa.

Ta ja doguwar wayar ta kai ƙafar jirgi ta maƙala, ta girgiza ta ji ta kama. Sannan ta buɗe murfin tanki, ta sa tiyo, ta hau murza famfo da dukan kafaɗarta. A nan kam ba wanda zai ce ta yi nawa.

Ana tsakiyar zubawa Clarrie ya sake kira. Wannan karon ba ihu ya yi ba, kuma hakan ya fi muni.

"Sun ɓalle. Na hagu duka sun shiga rafi. Ku sha shayinku a hankali."

Minti tara aka yi. Jirgin ya tashi ya karkata yamma, ya bar su cikin ƙura. Trent ya dubi agogonsa, ya dube ta, ya juya ya tafi.

Da rana makiyaya suka dawo cin abinci, kowa fuska ja wur da ƙura, babu mai fara'a. Ɗari bakwai suka koma daji, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Raelene ta shigo ɗakin cin abinci ta ɗebi nama da dankali ta zauna a kujerarta ta kullum, ta kusa da taga. In suna tsammanin za ta ɓuya a gareji, ba su santa ba.

"Ga sarauniyar waya nan," in ji wani daga ƙarshen tebur. "Anti, ki maƙala mini a kunne kafin in sha shayi, kada in kama da wuta."

"Kai ba abin da zai kama a kanka," ta ce. "Fanko ba ya ci."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Clarrie bai yi ba. Ya ajiye cokali ya share gemu. Shi da ita sun fi shekara ashirin da sanin juna, shi ya ɗauki gaban akwatin gawar mijinta ranar da aka binne shi a Camooweal, saboda haka maganarsa ta fi ta Trent nauyi.

"Rae, yau kam kin cuce mu," ya ce. "Yaronmu, ɗan Mick, ya faɗi da babur yana tare su, ga hannunsa can a ɗaure. Ni shekara talatin ina ganin ana zuba wa jirgi mai daga duro, da waya da babu waya. Ban taɓa ganin ko hayaƙi ba."

"Shekara nawa ka yi kana wanka a kogin Gregory?"

"Me ya kawo wannan?"

"Wani kada ya taɓa kama ka a ciki?"

"Bai taɓa ba."

"To me ya sa bara da jikokinka suka zo ka hana su ko sa ƙafa?"

Clarrie ya sake ɗaukar cokalinsa. "Wannan daban," ya ce.

"Kirra ma jikar wani ce."

Kirra tana can gefe da farantinta a cinya. Ta sunkuyar da kai har gashinta ya rufe mata fuska.

Maganar hannun ɗan Mick ta soki Raelene, ba ta dai nuna ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da abin nunawa. Makiyayi in ya yi aikinsa ga shanu a shinge, kowa ya ƙirga. Ita in ta yi nata daidai, ba abin da ke faruwa, kuma ba a ɗaukar "ba abin da ya faru" a kai ofis a ajiye a tebur. Shekara goma sha tara tana tara wannan ba-komai ɗin, yau an ɗora shi a sikeli da shanu ɗari bakwai.

Trent ya shigo. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa inda kowa zai ji. Ya huce kaɗan, ya dawo da muryar ofis.

"Raelene, ni ba mugu ba ne. Na san kin daɗe a nan. Zan ba ki hanya ɗaya. Ki faɗa a gaban mutanen nan cewa kin yi kuskure yau, kuma daga yanzu in na ce zuba, za ki zuba. Shi ke nan, magana ta wuce."

Clarrie ya kalle ta ya ɗan gyaɗa kai, irin na ki faɗa kawai mana, baki ne. Ta gane shi sarai. Kalmomi ne kaɗan, a faɗa a ci gaba da maƙala waya in manaja ya juya baya. Ta tuna gidan, da inuwar barandar da la'asar, da ɗakin ƙanwarta a Mount Isa inda za ta kwana a kan doguwar kujera tana jin talabijin ɗin maƙwabta. Tsoro ya kama ta, na gaske.

Ta haɗiye shi da ruwa.

"Ina baƙin cikin hannun ɗan Mick," ta ce. "Ina baƙin cikin wahalarku, ku duka. Amma ban yi kuskure ba. Gobe ma in wayar ta tsinke haka zan yi."

"To ki haɗa kayanki."

"Bari in gama cin abincina tukun."

Ta kuwa gama shi, har da goge farantin da burodi.

Wajen ƙarfe uku da rabi ta cika bayan a-kori-kura da abin da zai shiga: akwatuna biyu, keken ɗinki, akwatin kayan aiki, hoton aure a naɗe cikin tawul. Mutum ya ɗauka yana da kaya sai ya zo tashi, ya ga rabinsu na kamfani ne. Tana ɗaure igiya ta ji jirgin yana dawowa shan mai. Ta ce wa kanta ba ruwanta. Ta ƙara ƙulli ɗaya a igiyar da ba ta buƙatar ƙulli.

Sai ta ɗaga kai. Daga barandar ana hango filin sauka. Trent ne da kansa a gindin duro, ya naɗe hannun riga, ya ja tiyo yana jiran ƙura ta lafa. Wayoyinta na tada batir suna nan a kujerar gaba inda ta jefa su.

"Kai, wannan yaro," ta ce.

Ta ɗauke su, ta ɗauki butar da ta cika don hanya, ta gangara. A wannan karon ta yi sauri, ƙugu ko ba ƙugu.

Hannunsa yana kan murfin tanki lokacin da ta iso.

"Kada ka buɗe!"

Ya waiwayo. "Ke ba ma'aikaciyar nan ba ce yanzu!"

"Na sani. Wayar tawa ce, ƙafafun nawa ne. Kira 'yan sanda, sa iso jibi."

Ta maƙala a inda ta kankare da safe. Ta juye butar a gindin turke, ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba, ta bar ɗan duhu. Ta ja wayar zuwa jirgi. Trent ya saki murfin ya biyo ta, ya sunkuya zai fizge wayar daga hannunta, saboda haka kansa yana dab da nata, idonsa a kan hannunta, lokacin da haƙoran suka matso ƙafar jirgin.

Saura kamar faɗin farce su taɓa, wuta ta yi tsalle. 'Yar shuɗiya, siririya kamar zare, a cikin inuwar cikin jirgin. Ƙarar farfela ta haɗiye sautinta. Kafin ƙiftawar ido ta wuce, haƙoran suka ciji ƙarfe, shi ke nan.

Raelene ta daɗe ba ta ga irinta ba. Sau da yawa ba a ganin komai, ko da akwai. Ta ɗago ta dube shi. Ya gani. Ba ta da shakka, don hannun da ya miƙo ya tsaya a iska, ɗayan kuma, mai riƙe da tiyo, ya koma bayansa da kansa kamar yaron da aka kama da abin da ba nasa ba. Ya dubi bakin tiyon, ya dubi murfin tankin, ya dubi Kirra da ke ɗaure a kujera tana gyara abin kunnenta, ba ta san an yi komai ba.

"Yanzu buɗe," in ji Raelene.

Ya buɗe. Ya sa tiyo. Ya koma ya kama famfo yana murzawa, bai iya ba, yana yi yana tsallake, ita kuwa ba ta taya shi ba. Ta tsaya ta harɗe hannu. A ranta ta ba shi lokaci, daga nan har tankin ya cika, ya janye korar da ya yi mata. Ba ta neman ya durƙusa, ba ta neman ya tara mutane. In ya ce sauke kayanki, ko ya ce gobe ma yi magana, ko da bai kalle ta ba, za ta karɓa. Ta ji kunyar yadda take son ya faɗa.

Tankin ya cika. Ya zare tiyo. Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya kalli wajen ɗakin cin abinci inda mutum uku ke tsaye a inuwa suna kallonsu.

"Ki bar makullin gidan a kan teburin ofis," ya ce.

Ta gyaɗa kai a hankali. Abin ya yi mata zafi fiye da yadda ta zata, amma ba a gabansa za ta nuna ba.

Ya sunkuya da sauri zai cire wayar daga ƙafar jirgi, don a gama a rabu. Ta buge masa hannu, bugu mai kyau, irin wanda ake yi wa yaro a bakin murhu.

"Murfi tukun," ta ce. "Sai ka rufe tanki, ka janye tiyo, sannan ka cire ta. Ita ce ƙarshen fita."

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya miƙe ya rufe murfin, ya murɗa shi har ya kama, ya ja tiyo baya, ya dawo ya cire wayar. Ya miƙo mata.

Ba ta karɓa ba. Ta ɗaga wa Kirra hannu, ta juya ta nufi motarta.